Harafi na Goma a Jikin Motar Alhaji Bawa

Akwai wata Alhamis ta tsakiyar damina da har yau ba ta fita raina ba. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin shekarun da na yi a gareji, ita zan ba ku. Ba wani babban gyara na yi ba, ko sifana ban ɗauka ba. Motar ma ba ta tashi ba, kuma ba za ta sake tashi ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Garba, makanike ne ni a nan Kaura Namoda, a garejin da ke bayan tsohuwar tashar jirgi. A aji uku na bar boko. Abin da na sani a wurin maigidana na koya, marigayi Mamman Dogo, wanda ya riƙe ni tun ina wanke fulogi har na zama babban makanike, wato wanda idan mota ta gagari kowa sai a turo masa. Ni ba mai yawo ba ne. Daga gida sai gareji, daga gareji sai masallaci. Matata takan ce ko Gusau aka ambata sai in fara ciwon baya. Amma ban taɓa jin an bar ni a baya ba, domin duniya ita ke zuwa ta same ni. Na taɓa buɗe wata mota na sami busasshen ganye mai kama da allura maƙale a ƙarƙashin gilashi, irin wanda babu itacensa a ƙasar nan. Na ajiye shi a aljihu na kwana biyu ina shaƙarsa, ina ƙiyasta dajin da ya faɗo.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani kaɗan. Kowace mota tana da lambar casis, wato lambar da aka buga a ƙarfen jikinta tun a masana'anta. Ana canza lambar gaba da baya, ana canza fenti, ana canza inji, amma ita tana nan. Haruffa ne da lambobi guda goma sha bakwai a jere. A motoci da yawa, ba duka ba, na goma shi ke faɗin shekara. A ita ce 1980, B 1981, haka ake hawa ana tsallake wasu haruffa da ba a sawa, har a kai Y a 2000, daga nan lambobi su karɓa. Mamman Dogo hadda ya sa na yi, ina rerawa kamar karatu, shi ya sa masu sayen mota suke kirana in duba musu kafin a yi ciniki.

To, a ranar nan ina zaune a kan benci sai ga wani dattijo ya yi sallama, siriri, da farin rawani da carbi, wata budurwa tana biye da shi riƙe da jakar takardu. Ya ce shi ne Malam Dahiru daga Badarawa, wannan kuma Balkisu ce, ɗiyar wansa marigayi Alhaji Bawa mai fataucin shanu a kasuwar Shinkafi. Na shimfiɗa musu tabarma, na ce ina motar. Ya ce motar tana gida, ta shekara goma ba ta motsa ba.

Balkisu ce ta yi mini bayani, a hankali, idonta a ƙasa. Ta gama karatun aikin lafiya. An buɗe ɗaukar ma'aikata, ana son masu karɓar haihuwa a ƙauyukan Zurmi, amma ba a ɗaukar wanda ya wuce shekara talatin. Ita kuwa takardarta ta firamare ta ce an haife ta a 1994, wato tana da talatin da ɗaya. Ta ce tana ƙarama ƙwarai ta bi yayarta makaranta da kuka, malamin ya bar ta ta zauna, ranar cika takardu kuma ya rubuta wa ajin duka shekara ɗaya. Mahaifiyarta, Inna Ige, ta ce damina ashirin da shida ke gare ta. Gyaran yana da hanya: babba a gidan ya je kotu ya yi rantsuwa a kan shekarunta na gaskiya, a ba da takarda. Babba kuwa yanzu Malam Dahiru ne. Ranar Litinin za a rufe karɓa.

Na ce, "To Malam, ai sai a je a yi."

Ya girgiza kai. "Sa'ad da anka haife ta ina gabas wurin karatu. Ban gani ba. Ga takarda tana faɗin wani abu, ga uwa tana faɗin wani. Ni ba ni ɗora hannu ga Alƙur'ani bisa abin da ban sani ba, ko da ɗiyata ta."

Balkisu ta ce, "Baffa ko gishiri anka ce ya yi yawa sai ya nemi shaidu biyu."

Ya harare ta, amma na ga gemunsa yana motsi.

Abin da ya kawo su wurina shi ne, abu ɗaya ne kowa a Badarawa ya yarda da shi: a cikin motar Alhaji Bawa aka haifi Balkisu, a kan hanyar kawo uwarta asibiti nan Kaura. Wani direba ya gaya musu akwai makaniken da ke karanta shekarun mota a jikinta. Idan motar ba ta zo duniya ba a 1994, to ba a haifi kowa a cikinta ba a 1994.

Maganar ta yi mini daɗi har cikin ƙashi. Na tambayi irin motar, ya ce fara ce, ƙirar Jamus, mai dogon baya. Ya ce ko zan bi shi mu je. Nan take ciwon bayana ya motsa. Na ce babu buƙata, Malam. Ka buɗe bonet, ka duba can gindin gilashin gaba, ka goge wurin da kananzir, za ka ga rubutu a jere. Ka ƙirga goma, ka kira ni ka gaya mini abin da ka tsaya a kai. Ya koma a motar yamma. Balkisu ta tsaya a gidan gwaggonta a nan gari don ta ƙarasa haɗa takardu.

Ranar Juma'a da hantsi ya kira. A lokacin ana gwada wani inji a bayana, salansarsa a fashe, na toshe kunne ɗaya da yatsa. Ina jin Malam yana ta gunguni shi kaɗai, can ya ɗaga murya.

"Na iso na goma. Ban san sunanta ba. Sanda biyu na tsaye, da guda gicciye tsakiya, kamar matakin tsani."

"H ke nan, Malam."

"To mi tac ce?"

Na rera haddata a zuci, na tsaya a kan H. 1987. Na gaya masa. Ya ce, "Ashe mota ta girme wa takarda." Na ce haka ne, ba ta ƙaryata kowa ba, ba ta gaskata kowa ba. Ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ya kashe.

Ba a jima ba Balkisu ta zo. Ni na gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta fito da takardar neman aikin, ta dube ta, ta ninka biyu, ta sake ninkawa, ta ce, "Na gode, Baba. Wahala munka ba ka." Ta tafi tana bin gefen kwata a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a ka.

Bayan an sauko daga masallaci na kwanta a zaure. Hadari ya haɗu ta gabas bai zubo ba, iska mai sanyi tana shigowa da ƙamshin ƙasa. Ni ban yi barci ba, ban kuma farka ba. Kun san halina, abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Inji in ya wuce da safe, da yamma sai in ji shi yana sake wucewa a kaina, in gane inda yake ciwo. Haka muryar Malam Dahiru ta dawo mini, ba ƙarar salansa a kanta. Na ji gungunin nan nasa sarai. Ba ɗaya, biyu, uku yake cewa ba. Sunan abin da yatsansa ya taɓa yake kira: bakwai, sifili, huɗu, huɗu, tara, biyu. Lamba shida a jere, sannan ya shiga haruffan da bai san sunansu ba.

Na tashi zaune. Lambar casis ta irin wannan mota da haruffa take farawa. Lambobi a wutsiya suke. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana karatu daga dama zuwa hagu, ka ce masa ya ƙirga goma, ta ina zai fara?

Na kira shi, ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Na tuna ya ce a unguwarsu sai an hau wani tudu ake samun waya. Na yi ta kira har la'asar. Daga ƙarshe na shiga ciki na ce wa matata gobe zan je Badarawa. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Kai? Ko dai wani Garban?"

Asabar da safe na biya na ɗauki Balkisu, muka shiga motar Shinkafi. Kun san yadda hanyar ta zama a shekarun nan, sai rana ta ɗaga ake tafiya, kowa bakinsa da addu'a. Amma ni abin da na gani daban ne. Gero ya yi kai, dawa ta rufe mutum, kore shar har inda ido ya tsaya. Balbelu suna tashi daga fadama kamar an watsa auduga. Shekara nawa ina gyara motocin da ke bin hanyar nan, na san kowane rami nata ta jikin ƙafafunsu, amma ban san haka take da kyau ba. Balkisu ta ce in daina leƙa kai waje kamar baƙon Makka.

Motar tana bayan gida, a ƙarƙashin tsamiya. Tayoyin sun nutse a ƙasa har rabi. Kabewa ta hau ta taga ta fito ta ɗaya tagar, ta ajiye ɗa guda a kan rufi. Wata kaza tana kwanci a kujerar baya, ta dube mu ba ta tashi ba. Tun daga nesa da na ga fitilunta da yanayin goshinta na san wannan ba ƙirar 87 ba ce. Da na bi Malam tun ranar Alhamis, da kallo ɗaya ya isa.

Malam Dahiru ya fito yana mamaki. Na ce ya nuna mini yadda ya ƙirga. Ya ɗaga bonet, ya yi bisimilla, ya ɗora yatsa a ƙarshen dama.

Na ce, "Malam, daga nan gefen ake farawa."

Ya dubi hagu, ya dube ni. "Daga hagu? Ai ni duk abin kirki da dama nike fara shi."

Balkisu ta ce, "Baffa, Nasara ne sunka ƙera ta."

"Shi ya sa," in ji shi.

Na sake goge wurin da tsumma, na ɗora farar takarda a kai, na goga fensir a kwance har rubutun ya fito fari a cikin baƙi. Haka ake yi, don kada ido ya ƙara ko ya rage. Na ba Balkisu ta ƙirga da kanta, da ƙarfi, daga hagu. Ta kai goma ta tsaya.

"W."

Na ce 1998. Amma na ɗaga hannu kafin kowa ya yi murna, domin akwai abin da Mamman Dogo ya ja mini kunne a kai. Harafin nan shekarar samfuri yake faɗi, kuma masu ƙira sukan fara buga harafin sabuwar shekara tun watannin ƙarshe na wadda ake ciki. Mai son sanin watan da aka ƙera ta sai ya nemi wani shaida. Na shiga mazaunin direba, na jawo bel ɗin ɗaure jiki har ƙarshensa. A can gindi akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, fari tas kamar jiya aka sa shi. An buga watan goma sha ɗaya na 97. Ba a haɗa mota kafin a saƙa bel ɗinta.

Ban fito nan da nan ba. Na jawo ƙofa ta rufe da wannan sauti mai nauyi na motocin da, sai duniya ta yi tsit. Haske yana ratsowa ta ganyen kabewa, kore, yana rawa a kan sitiyari. Na zauna ina tunanin wani mutum a wata ƙasa mai sanyi, da safiyar wata rana, ya buga harafin nan a ƙarfe ya wuce zuwa na gaba, wataƙila hankalinsa na kan abincin rana. Bai san Badarawa ba. Bai san ya rubuta shaidar da za a nema bayan shekara ashirin da bakwai a ƙarƙashin tsamiya ba.

Ƙwanƙwasa gilashi aka yi. Inna Ige ce, 'yar gajeruwa, ta yafa zane, ta fito jin hayaniya. Muka gaisa ta taga. Ba ta tambayi harafi ba. Ta leƙa baya inda kazar take, ta ce, "Nan ne. Nan daidai." Ta ce a lokacin motar ba ta fi wata biyu da zuwa ba ta hanyar Maraɗi, tana ƙamshi, Alhaji ba ya bari a ci ko gyaɗa a ciki. Da safe naƙuda ta kama ta, an kwana ana ruwa. Suka iso wani rafi ya cika ya hau hanya, sai jira. Alhaji ya fita ya tsaya a cikin yayyafi ya juya baya, ita da surukarta a ciki.

"Ina jin ruwa bisa rufi, tif, tif, tif. Sai nij ji wata murya ta shiga cikin ta ruwan. Da yad dawo yag ga kujeratai, sai yac ce, to, yanzu ta zama motar gida."

Ta yi dariya, ta share ido da bakin zane. Ta ce tun ran nan take son a ce akwai mai karɓar haihuwa kusa, ba sai an haye rafi ba.

Malam Dahiru bai yi dariya ba. Yana riƙe da takardar da na goga, yana juya ta. Ya kira ni gefe.

"Malam Garba, ka iya rantsuwa cikin 99 anka haife ta?"

"A'a, Malam. Ƙarfe bai faɗi haka ba. Abin da ya faɗa, kafin ƙarshen 97 babu motar nan a duniya. Ko da ranar da ta fito aka haifi Balkisu a ciki, ba ta cika ashirin da takwas ba."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "To shaidar takarda ta rushe. Da shaidu biyu na ja da juna, yanzu saura guda, kuma ita ta uwa. Wa ya fi ta sani?" Ya juya wajen Inna Ige. "Yaya, ƙirga mini daminun nan, ina saurare."

Ta zauna a kan turmi ta fara. Ba da lamba take ƙirgawa ba. Daminar da aka haifi Balkisu, daminar da rumbu ya faɗi, daminar da aka yaye ta, wadda Alhaji ya yi rashin lafiya, wadda aka aurar da yayarta. Kowace da abin da ta zo da shi. Malam yana jan ƙwayar carbi ɗaya a kan kowace da ta biyo bayan ta haihuwar. Balkisu ta tsuguna a gefe ta rufe baki da mayafi, tana jin rayuwarta ana jero ta. Da Inna ta iso ta bana, ya duba inda yatsansa ya tsaya. Ashirin da shida.

Ya ce, "Litinin da safe, in Allah Ya kai mu."

Na bi su kotun, tun da a gari take. Malam ya sa babbar riga, ya riƙo takardar fensir a cikin leda. Da aka kira su ya miƙa wa magatakarda, ya fara bayanin harafi na goma da inda ake farawa. Magatakardan bai ko buɗe ledar ba, ya ce ba a buƙatar wannan, rantsuwa kawai za a yi. Malam ya karɓi abinsa ya mayar aljihu, ya ce, "Ba don kai na kawo ta ba." Ya yi alwala ya rantse. Kafin azahar Balkisu ta miƙa takardunta. Yanzu tana aiki a wajen Birnin Tsaba, kuma direbobin hanyar sukan kawo mini gaisuwarta.

Ku da kuke sana'ar nan, ga abin da na ɗauka. Kuskuren ba na Malam ba ne, nawa ne. Na aiki mutum da rabin bayani don ina ƙyashin barin bencina, kuma saura kaɗan yarinya ta rasa aikinta a kan haka. In za ku ce wa mutum ya ƙirga, ku gaya masa ta inda zai fara, in kuma da hali ku tashi ku je ku gani. Sannan kada ku sa wa ƙarfe magana a baki. Ku faɗi iyakar abin da ya faɗa ku tsaya, ko da mai tambaya yana son ƙari. Akwai masu ɗaukar maganarmu su tafi da ita har gaban Alƙur'ani.